Kan Fitilun Tasina Masu Ruwan Ɗorawa

Zuwa ga Alhaji, Shugaban 'Yan Sintirin Layinmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ne Danjuma mai tasi, Baban Rahila, na gidan kusa da famfo. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun a aji biyar na yi sallama da malamai, su ma ba su yi kewata ba. Na sa wasiƙar nan a fili ne domin maganata a fili ake yin ta, har da sanduna.

Bari in fara da wautata. Farkon daminar nan na ga wata babbar mota, ƙananan fitilunta na ƙasa, waɗanda ake kunnawa in hazo ya sauka, suna haske ruwan ɗorawa. Aka ce mini irin wannan hasken ya fi huda hazo. Ni kuwa kullum da sassafe nake kai ma'aikata Kudenda, inda hazon bakin kogi ke haɗuwa da hayaƙin masana'antu har ba ka ganin hancin motarka. Na tambayi kuɗin gilashin, na ji ya fi ƙarfina, na dawo gida. Sai na tuna da ragowar fentin ƙofar ɗakinmu mai ruwan ɗorawa. Da gashin kaza na shafa shi a gilashin fitilun tasina. Ina kunnawa ya yi zafi, ya kumbura, ya zubo kan bamba kamar gwaiduwar ƙwai. Maman Rahila ta ce motar ta kamu da ciwon shawara. Duk da haka na je teburin mai shayi na buga ƙirji, na ce duk unguwarmu ta Nasarawa ba mai irin fitiluna.

Ga ƙorafina.

1. Ranar Talatar da ta wuce, da sassafe, wata mota ta buge Malam Iliya, mai gadin masaƙa, yana kan kekensa, ta gudu. Yana asibiti da karaya a ƙugu. Wadda ta gani, mai ƙosai, cewa ta yi ba ta ga lamba ba, ba ta ga direba ba, fitilu biyu masu ruwan ɗorawa kawai ta gani a cikin hazo. Kafin azahar mutanenka sun zo sun karɓe makullin motata. Ba wanda ya tambaye ni ina nake a lokacin.

2. A ƙofar gida nake, ranka ya daɗe, ina roƙon a tura ni. Tasina ba ta tashi sai an tura ta, duk layin nan an sani, har akwai masu sauya hanya in sun hango ni. Ranar, mai shayi da Baba Yohanna tela da wasu mutum biyu suka tura ta har gangaren famfo, ta yi tari sau biyu ta mutu. Rana ta fito sosai kafin ta tashi. A tambaye su. Baba Yohanna har yau yana zagina saboda bayansa.

3. Washegari na ɗauki reza zan kankare fentin. Mutanenka suka ce in na taɓa shi, ɓoye shaida nake yi. Na bari. Yanzu motar tana tsaye a ƙofar gida da idanunta rawaya, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya nuna. Shekaranjiya da rana aka jefa dutse kan kwanonmu. Jiya da yamma na tarar da tsohuwar taya jingine da bangon gidana. Alhaji, ni ɗan garin nan ne, na san abin da ake yi wa mutum da taya. Ban yi wasa da kowa ba tun da na gan ta, kuma ka san wannan ba halina ba ne. Rahila ta daina zuwa makaranta, ana ce mata 'yar mai gudu. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, Mamanta ce ke buɗewa, ni ina bayan randa. Na rubuta wannan da kunya, amma haka ne.

An ce soja sun koma bariki, yanzu mulkin farar hula ne. A lokacinsu na yi tsallen kwaɗo a bakin gada, na dawo gida da raina. Ina roƙon kada a ce a zamanin da muka jefa ƙuri'a ne aka ƙone direba ba a ji ta bakinsa ba.

Saboda haka ina roƙonka ka kira shaidun nan huɗu a gaban jama'a. Ka sa a faɗa a masallaci da coci cewa ba a kama kowa da laifi ba tukuna. Ka sa a ɗauke tayar nan. In kuma akwai tuhuma, ka kai ni ofishin 'yan sanda da hannunka, zan shiga gaba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi hana ni cin abinci. Abin da na faɗa a wurin mai shayi ƙarya ne. Akwai direbobi uku a tasharmu, masu bin hanyar Kamazou da Kudenda, da suka yaba fitiluna, ni kuma kaina ya kumbura na shafa musu, kyauta. Ba zan rubuta sunayensu a nan ba, kada tayar ta tashi daga bangona ta koma nasu. Zan faɗa maka a gaban hukuma. Kuma na gane tun tuni cewa fentin ƙofa ba ya huda hazo, dushe hasken yake yi. Na sani, na yi shiru, don kada a yi mini dariya. In ɗaya daga cikinsu ne bai ga Malam Iliya ba, to da hannuna a ciki.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare iyalinka daga irin tsoron da nawa ke ciki. Ranar da zan iya fita layin nan lafiya, asibiti zan fara zuwa. Ban gaida Malam Iliya ba, kuma wannan maganar da bakina ya kamata ya ji ta.

Wassalam.

Naka,
Danjuma, Baban Rahila