Zangon da Na Ɓoye

Madera, California
18 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga yayana Eusebio,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gona? Yaya ƙafar nan da ka ce tana kumbura? Mu nan lafiya muke, sai dai sugan Mama da ke hawa yana sauka. 'Yarka Yaretzi ta kere ni tsawo, kuma ba ta bari in manta.

Don Anselmo, mai kai-komon saƙo tsakaninmu, ya kawo saƙonka, cuku da barkono da soyayyiyar fara. Mama ta kwashe farar ta ɓoye a ɗakinta, wai gishirin ya yi wa yarinya yawa. Ita mai ciwon ba ta ga ya yi mata yawa ba. Ranar Alhamis zai koma can gida Oaxaca, shi zan ba wannan. Na fi son rubutu, don in na kira ka sai ka hau tudu neman sabis, rabin ƙauye na tsaye suna sauraro.

Ga labari: na cika fom ɗin neman shiga jami'ar jiha. Shekara huɗu ke nan ina tashi daga kamfanin lemo in wuce kwalejin garin nan, darasi biyu-biyu, hannuna na ƙanshin ɓawo. Yanzu na kusa cika abin da ake nema. In sun ɗauke ni, shekara biyu a can sai in fara neman takardar koyarwa a firamare. Ina da shekara talatin da ɗaya, yaran ajinmu Goggo suke kira na. An ce gemu ba ya hana ilimi, ni ko gemun ma ba ni da shi.

Malama Vang, mai ba ɗalibai shawara, ita ta zauna da ni muka bi fom ɗin layi-layi. Mace ce mai kirki, ita ma a gona iyayenta suka tsufa. Akwai wurin da aka ce a rubuta duk kwalejin da mutum ya taɓa shiga. Ta tambaye ni ko akwai wata ban da wannan, na ce babu. Na tuna da ta Salinas, amma mako bakwai kawai na yi a can, shekara goma sha uku da suka wuce, ko jarrabawa ban zauna ba. Ka kuma san dokar Mama tun muna yara: "A gaban takardar hukuma, abin da ba su sani ba kada ki ba su kyauta." Na bar layin babu komai, na sa hannu.

Kada ka fara, Yaya. Na san abin da za ka ce, cewa da ban bi Rigo da jar motarsa na zubar da karatu ba, da tuni na tsufa a aji. Na ji wannan faɗan ya fi sau ɗari. Wannan karon addu'a nake so.

Ka gai da Baffa Crispín da duk mutanen gida.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Idalia


Madera
9 ga Maris, 2025

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, shanunka biyu ma suna lafiya, tunda na san sun fi ni daraja a wurinka.

Yaretzi ta riga ni ba ka labari ta waya, ta ƙwace mini goron albishir. To, gaskiya ne, sun ɗauke ni. Ina cikin ware lemo saƙon ya shigo, na karanta shi a banɗaki har sau uku, na fito na ci gaba da aiki ina kuka, lemo mai tabo na wucewa ta gabana ban gani ba.

Amma kai wane irin mutum ne? Don Anselmo ya ce ka sa an yi shela a lasifikar gari, wadda ake kiran mutane aikin gayya da ita, wai ƙanwar Eusebio Santiago za ta jami'a a Amurka. Ya ce har sau biyu aka maimaita, kana tsaye ƙarƙashin sandar ka cire hula. Kunya ta kama ni daga nan inda nake. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Tun ranar da aka kore ka daga ƙasar nan ban ji an ce ka yi murna da wani abu haka ba.

Mama ta kai kyandir coci. Ta kuma fara gaya wa maƙwabta cewa ita ta matsa mini, ita da ta ce karatun yamma zai kashe mini ido.

Saura su karɓi sakamakona na ƙarshe a watan Yuni, sai a fara a Agusta. Na je na ga wurin. Itatuwa ne manya, babu mai tsinkar komai a jikinsu.

Taka,
Idalia


Madera
24 ga Yuni, 2025

Yaya Eusebio,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ka nemi inda babu kowa kafin ka karanta wannan, ka kuma zauna.

Sun janye gurbin da suka ba ni. Ashe akwai wani babban kundi da kowace kwaleji a ƙasar nan take zuba sunan duk wanda ya taɓa yin rajista, ko da kwana ɗaya ya yi. Da suka duba, sai ga sunana a Salinas, 2011, darasi huɗu, faɗuwa huɗu. Ni na ɗauka makaranta kamar aikin gona take, in ka daina zuwa shi ke nan ka bari. Ashe sai ka je ofis ka janye a rubuce, in ba haka ba a rubuta maka ka faɗi. Wa zai gaya mini a lokacin? Ni ce ta farko a gidanmu da ta taɓa taka irin wurin.

Na kai wa Malama Vang takardar. Ta karanta, ta cire tabarau. Sannan ta ce, "Haba Idalia, ai na tambaye ki. Da kin faɗa mini, takarda ɗaya za mu cika. Tsohuwar kwalejin takan yafe irin wannan in shekaru sun ja kuma ɗalibi ya gyara. Yanzu ba faɗuwar ce ta dame su ba, ɓoyewar ce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da na yi shekara goma sha uku ina tsoro, ashe aikin rabin awa ne.

Ta ce ina da kwana goma sha biyar in roƙi a sake dubawa. Sai na rubuta dalilin da ya sa na bar karatu a wancan lokacin, da dalilin da ya sa na yi shiru, in kuma haɗa da shaida. To, shaidar tana hannunka, shi ya sa dole in gaya maka abin da ni da Mama muka yi alkawarin ba za ka taɓa ji ba.

Ba don Rigo na bar makaranta ba. Rigo sau biyu ya taɓa rage mini hanya, ko hannuna bai riƙe ba, bawan Allah yana can yana ɗauke da zunubin da bai san da shi ba. Ranar Talatar da 'yan shige da fice suka tare motarku a hanyar gonar latas, ina ajin lissafi. Ranar Alhamis na ɗauki wuƙarka da safar hannunka na je wurin shugaban ma'aikata na ce ya ba ni layinka na yankan latas. Ni aka haifa a nan, ni kaɗai ce a manyan gidan ba za a kama ba. Mama ba ta iya sunkuyo, Yaretzi ko yaye ta ba a yi ba, uwarta Griselda kuma ka san wata biyu ta yi bayan an kama ka ta tafi Oregon ba ta waiwayo ba. Safar ta yi mini yawa, da roba nake ɗaure ta.

Da aka sauke ka a kan iyaka ka kira gida, abu na farko da ka tambaya shi ne ko ina zuwa makaranta. Ka ce duk abin da aka yi maka ba komai ba ne muddin Idalia na karatu. Mama ta rufe bakin wayar da hannu ta ce mini, "In ya ji gaskiya zai tsallako ya dawo, hamada ta cinye mini shi. Gara ya ji haushinki yana raye." Daga baya da ɓoyewa ta gagara, ita ta ƙago maganar Rigo, ni kuma na amsa laifin.

Ba zan ce ban ji zafi ba. Akwai ranakun da kake yi mini faɗa a waya bayana na ciwo daga yankan latas, in ji kamar in fasa maka ƙwan kowa ya huta. Na tsane ka wani lokaci, Yaya, Allah ya yafe mini. Amma ban taɓa yin da-na-sanin ɗaukar wuƙar ba. Da aka zo layin nan a fom, ba dokar Mama kaɗai ta hana ni ba. Ban so wani baƙo ya tambaye ni me ya faru a watan Oktoban 2011, don ban san yadda ake faɗarsa ba.

Abin da nake roƙo shi ne takardar korarka, mai kwanan wata da tambari. Na san kana da ita. Don Anselmo zai iso wurinku ranar Juma'a. Ka hau tudu ka ɗauki hotonta, gaba da baya, ka turo wa Yaretzi kafin bakwai ga Yuli. Mama ba ta san na rubuta wannan ba.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Idalia


Madera
11 ga Agusta, 2025

Yayana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake ban san ko za ka amsa ba. Hoton ya iso a kan lokaci, gaba da baya kamar yadda na ce, babu ko kalma ɗaya tare da shi. Yaretzi ta kira ka sau tara ba ka ɗauka ba.

Sun ƙi. Layi biyar ne amsar. Sun ce sun tausaya wa halin da iyalina suka shiga, amma na sa hannu a kan cewa abin da na rubuta cikakke ne, kuma ba cikakke ba ne. Sun ce ina iya sake nema baɗi, ba tare da alkawarin komai ba. Malama Vang ta riga ta cika waccan takardar ta yafewa, tana cewa mu sake gwadawa a Oktoba. Na ce mata to. Ban san ko da gaske nake ba. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Mako mai zuwa 'yan ajinmu za su fara, ni kuma an mayar da ni sashen inabi kafin lemo ya nuna.

Na yi tunanin in ce maka sun amince, ka samu abin riƙewa. Sai na ga ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na riga na ga ƙarshensa da idona.

Mama ta gano. Kwana goma ba ta yi mini magana ba, sai ta ajiye mini abinci ta juya. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Kin sayar da hankalin ɗan'uwanki a kan takarda, takardar ma ba ta saya miki komai ba." Na yi fushi na ce mata ai ita ta koya mini rufe baki, ga inda ya kai ni. Muka yi kuka, kowa a nata ɗakin. A ranar na ɗauka ta zalunce ni.

Jiya Don Anselmo ya zo hannu rabbana, babu saƙo daga gare ka. Ya zauna yana juya hula, sai da na matsa masa ya faɗa. Ya ce ka sayar da shanun duka biyu ana tsakiyar damina. Ya ce an gan ka a garin Tlaxiaco kana tambayar masu tsallakar da mutane ta hamadar Sonora. Ya ce ka gaya wa Baffa Crispín wai za ka zo ka karɓi aikin Idalia ta zauna ta yi karatu, wai ka ci mata shekara goma sha uku za ka biya.

Ka saurare ni da kyau. Kana da shekara arba'in da biyu da ƙafa mai kumburi, kuma Agusta ne, zafin hamadar nan yana kashe samari masu lafiya. In ka tsira daga rana, wanda aka taɓa kora in an sake kama shi kurkuku ake kai shi, ba gida ba. Zuwanka ba zai buɗe mini ƙofar jami'a ba, ba rashin mai kama mini aiki ne ya rufe ta ba, hannuna ne. Ba ka ci mini komai ba. Ni na bayar, kuma na san abin da na bayar dominsa: in ɗaga waya in ji muryarka, 'yarka ta girma tana da uban da za ta kira. In ka shiga hamadar nan, a ranar ne shekarun za su zama asara, ba kafin nan ba.

Jami'a ta tafi, zan iya ɗaukar wannan. Mama tana zaune a bakin ƙofa tun jiya da carbinta, ba ta ci komai ba, kuma ba zan iya kallon fuskarta ba, don abin da ta faɗa tun farko shi ne yake faruwa.

Tun da aka raba mu sau ɗaya na taɓa roƙon ka wani abu, ka kuma ba ni. Wannan ne na biyu. Ka je ka karɓo shanunka. Ka zauna a gida.

Ni ce ƙanwarka,
Idalia