Filas ɗin Baba

Baban Laila,

Bayan fitarka Baba ya zo daga Badarawa, wai in tura mishi tafsiri a filas ɗinshi. Ka san ba ni iya ce ma surukina a'a. Ina sakawa a kwamfutata, bairos ya shiga. Komai ya ɓace, har furojet ɗin makaranta da zan miƙa ran Litinin. Hankalina ya tashi.

Na zare kebul ɗin da ya haɗa tawa da taka don kada ya tsallaka. Don Allah kada ka maida shi. Na tafi wurin mai gyara bakin Poli.

Baba zai dawo da la'asar, wai ka ƙarasa mishi a taka da filas ɗin nan. Mahaifinka ne, kai za ka hana shi. Ni ban iyawa.

Zulaihat