Ɗakin Kwano na Gyaɗa Ne

Ladan,

Na wuce kasuwar Kalgo, motar Gwandu ba ta jira, sai jibi in Allah ya kai mu.

Jiya da kana gona matarka Kulu ta kai ɗiyarku Luba wurin malamin asibiti, ba da izinina ba, ni da nake babban gida. Wai ya saurari ƙirjinta ya ce funfunar da ta yi baƙi a bangon ɗakinku ita take shaƙa, shi ya sa take haki da tarin nan, a fitar da ita daga danshi. Ina dawowa na tarar Kulu ta jaye mini buhunan gyaɗa waje, ta shimfiɗa wa yarinya tabarma a ɗakin kwano. Da damina!

Na mai da tabarmar ɗakinku, na mai da gyaɗata ɗakin kwano na sa masa kwaɗo, makulli yana aljihuna. Kada ka taɓa ƙofar. A ɗakin nan naku aka haife mu ni da kai, wa ya mutu? In bangon ya dame ku, Kulu ta shafe shi da farar ƙasa. Kuma ku rufe ƙofa in yarinyar ta fara, tarinta yana hana ni barci.

Kulu ta yi ta kuka wai numfashin Luba yana ɗaukewa. Ka ba ta haƙuri, yarinya ce, za ta sake haihuwa. Gyaɗar bana kuwa in ta yi funfuna, ba ni da wata.

Yayanka,
Maidamma