Ku Tsayar da Pomparku a Iyakar Lambuna

Zuwa ga Alhaji Perzidan, shugaban ƙungiyar masu lambu ta kwarinmu, a Tama.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da haƙuri da jama'a. Na yi wannan magana a taron ƙungiya, aka yi mini dariya, aka kuma laƙaba mini sunan Sarkin Tsutsa. Na karɓi sarautar. To, ga koken talakawana a rubuce.

Na farko. Shekara biyu ke nan kuna aiko mai pompa ya fesa maganin ciyawa a hanyoyin ruwa da kunyoyin da ke tsakanin lambuna, don ku huta da noman hannu. Ba wanda ya tambaye ni. In ya gama, a cikin magudanar yake wanke bidonsa, wato jarkar maganin, ruwan kuma nawa lambun yake fara shiga, domin ni ne a kan gaba.

Na biyu. Cikin ƙasa akwai tsutsotsi sirara kamar zare, waɗanda ido ba ya gani. Na san wasunsu ɓarayin saiwar tumatir ne, ba na kare waɗannan. Amma mafi yawansu ma'aikata ne: suna cikin masu mayar da taki ya zama abincin shuka. Na karanta cewa irin wannan magani ba lalle ya kashe su nan take ba. Rage musu ƙwai yake yi, ƴaƴan da suka fito kuma su tsumbure. Ka duba, Alhaji: garin da aka daina suna a cikinsa, ai ba ya buƙatar annoba kafin ya zama kufai.

Na uku. Da yake kun ce karatun littafi ne ya ruɗe ni, sai na yi gwajin da ko jaki zai gane. Na yaga tsohuwar rigata biyu. Rabi na binne a fangalin da ruwanku yake shiga, rabi a wanda nake shayarwa da rijiyar mahaifina. Da aka cire albasa na tono. Na gefen rijiya ƙasa ta cinye shi, sai ɗinki ya rage. Na gefenku ya fito lafiya lau, wanki kawai yake jira a sa shi a je Juma'a. Haka takin awakin da na zuba tun bara yake kwance a can, kamar yau aka zubo shi. Irin albasata a fangalin nan ya fito rawaya, siriri, rabinsa ya mutu kafin dashe.

Wannan lambu mahaifina ya bar mini, kuma da shi nake cike gurbin hatsi duk shekarar da damina ta yi gardama. Kun rage wa kanku gumin mako guda, kuna kashe mini ƙasar da aka shekara arba'in ana ciyar da ita. Wannan zalunci ne, ko da da murmushi aka yi shi.

Ga abin da nake nema. A hana wanke bido a magudana. A kira ma'aikacin noma ya ɗebi ƙasata ya duba, in ƙarya nake a faɗa a gaban kowa. Kuma pompa ta tsaya a iyakata. Ciyawar magudanar da ke gefena, ni zan nome ta da hauyata, kyauta, duk da wannan ƙugu nawa. In mai pompa ya sake zuwa, zai tarar da ni zaune cikin magudanar, sai ya fara fesa ni.

Allah ya ba ka lafiya da kunnen saurare, ya sa ka bar wa jikokinka ƙasa mai rai.

Wassalam.

Mushe Illa, wato Malam Illa, mai lambun bakin magudana.