Ƙarfen da Ya Kwana

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara da makaranta? Ni lafiya, sai kewa.

Hutun da na ce miki ya tsaya. Sandunan ƙarfen da muke wa injinan niƙa sun fara tsagewa, Manaja kuma ya ce ba inda zan motsa sai na gano dalili. Aikin dai kin sani: mu zura sanda cikin zoben tagulla, lantarki ya gasa fatarta ta yi ja, mu feshe ta da ruwa ta yi tauri. To yanzu da safe sai mu tarar da tsaga siririya kamar gashi. Na rage wuta, na ɗumama ruwan, na canja zobe, har takardun mai sayar mana da ƙarfe na karanta kamar zan yi jarrabawa. Shiru. Ɗakina ba taga, ni da fanka mai tari muke yini.

Ki ce wa Inna ranar da za a cire mata bandejin ido, ni za ta fara gani in sha Allah.

Naki,
Mai Tabarau

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki da ɗawainiyar asibiti. Da fatan an yi aikin idon Inna lafiya.

Na gano. Bayan feshin ruwa, waje ya yi tauri, ciki yana jan sa, dole a kai sandar zuwa murhun ɗumi nan da nan ta saki jiki. Murhun yana ɗaya ɗakin, makullinsa yana hannun mai sito, shi kuwa da la'asar ya tafi gida. Duk sandar yamma sai ta kwana tana jira, ta tsage. Ta safe lafiyarta lau.

Manaja ya yi murna ƙwarai. Ya tara mutane, ya yabe ni, ya ce irin wannan makulli sai mai hankali. Ga shi nan a aljihuna. Murhun ba ya hutu, don haka mai riƙe da shi ma haka.

Jibi in an cire bandejin, ki tsaya mata a gaba. Ki ce ina nan tafe, kada ki faɗi rana.

Naki kullum,
Mai Tabarau