Motarka Ta Samu Wuri

Baban Mas'uda,

Tirelar kayanmu ta kama hanyar Lokoja kana can kana sallama da mutanen ofis. A tudun lodin shanu na kasuwar kara aka tura motarka ciki, maza takwas, tunda shekara huɗu rabonta da tashi. An ɗaure ta tam, ka kwantar da hankalinka.

Direba ya ce ka gaya masa mota tukuna, sauran kaya in da wuri. Babu wuri. Gadon marigayiya Innata aka sauke cikin kashin shanu.

Na samu a-kori-kura, zan kai shi Udubo wajen Yaya. Kada ka jira ni a tasha gobe. Kujerata ba za ta tafi a banza ba, an manta batirin motar a zaure, ka ɗora shi a kai.

Khaulat