Rabin Aski

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya gwiwar taka? A gaida min matarmu, a ce mata har yanzu ina nan a kan bakana, ni na fi ka kyau.

Yaya, akwai maganar da na ɓoye maka wata huɗu ke nan. Na rufe shagon aski. Na ce wa mutane gyara nake yi, alhali hannuna na dama ne ya fara rawa. Wata rana ina gyara wa wani dattijo gemu, reza ta zame, na yanke shi a ƙasan kunne. Shekara talatin da ɗaya ina aski, ban taɓa fitar wa kowa jini ba sai ranar.

A asibiti likita ta ce cutar karkarwa ce, daga ƙwaƙwalwa take, ba ta warkewa amma magani yana lallaɓa ta. Suka ɗaura min wata 'yar na'ura a wuyan hannu, kamar agogo. Tana auna rawar hannuna, tana aika musu rahoto ta wayata, ina gida suna kallo a kwamfuta. Ni dai ban so ba. Mutum da girmansa a ɗaura masa ɗan rahoto kamar ɓarawo?

Ka sa ni a addu'a, kuma kada ka faɗa wa kowa.

Ƙaninka,
Auta

Yayana,

Na samu wasiƙarka, na kuma sha faɗan da ke ciki. Allah ya bar zumunci.

Bari in ba ka labarin abin kunyar da na yi. Na gaji da wannan na'ura tana tona min asiri, don duk ranar da na je asibiti nakan ce wa likita na ji sauƙi, ita kuma ta juyo min da kwamfuta ta nuna min akasin haka. Sai na lallaɓa uwar yara na ɗaura mata a hannu. Washegari da hantsi nas ɗin da ke duba rahotannin ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba, wannan hannun da ya yi awa biyu yana wanki, sannan ya hau guga, naka ne kuwa?" Uwar yara tana gefe tana dariya har da hawaye.

Amma nas ɗin ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi idan ina son komawa shago, in bar su su ga hannun yadda yake, musamman a lokacin da ya fi muni. Maganar ta shige ni. Na mayar da na'urar a hannuna, sati uku ban cire ba sai in zan yi wanka.

Ashe maganin yana sakina tun kafin lokacin shan na gaba ya yi, ni kuma ban lura ba. A rahoton suka gano. Likita ta raba min shi kashi huɗu maimakon uku, ta waya, ko ƙofar asibiti ban taka ba. Ta ce daga ƙarfe tara zuwa sha biyu da rabi hannuna ya fi natsuwa.

Naka,
Auta

Yaya,

Ina fatan kun wuni lafiya. Albishirinka, na buɗe shago! Da safe kawai nake aiki, kuma da inji da almakashi. Reza na ajiye ta da kaina, babu wanda ya sa ni.

Jiya wani direban babbar mota ya shigo wajen sha biyu da kwata, ya roƙe ni, wai tafiya zai yi. Ban iya ce masa a'a ba. Na aske gefe ɗaya, sai na ji babban yatsana ya fara motsi. Mutum uku suna zaune a benci suna hira. Da a da ne, sai in ce inji ya lalace. Na kashe injin, na ajiye, na ce yadda kowa zai ji, "Malam, ina da cutar karkarwa. Lokacin maganina ya yi. Idan na sha, sai na jira kamar minti arba'in. Ga wani shago can a tsallake, zai ƙarasa maka."

Direban ya kalli rabin kansa a madubi, ya gyara zama, ya ce, "Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Sha maganinka, Baba, motar ba ta tafiya sai da ni."

Ya zauna da rabin aski muna hira, ya ce mahaifiyarsa ma hannunta yana rawa, amma ta ƙi yarda a kai ta asibiti. Na rubuta masa inda zai kai ta. Da hannun ya lafa na ƙarasa masa, layin goshin nan ya fita tsaf.

Yaya, daga yau kana iya faɗa wa kowa.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Auta